Rumbun Nata'ala da Rijiyar Jibirin

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Kabo ya san Nata'ala mai awo, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne ɗan siririn nan da ke zama a bakin rumfar 'yan hatsi, wanda in ya cika maka kwano ya yi tozo, sai ka ga babban yatsansa ya ɗan gifta kamar zai kori ƙuda, tozon ya rage tsawo. Ba a taɓa kama shi dumu-dumu ba, shi ma bai taɓa wahalar da kansa da musu ba. In an yi magana sai ya ce yatsan ne ke da rawa tun yana yaro.

Mutumin Durun ne, kuma duk ƙauyen babu mai rumbuna kamar nasa. Wasu kuɗi suke tarawa, wasu shanu, shi kuwa gero. Bai yarda da banki ba, bai yarda da gwamnati ba, damina ma bai gama yarda da ita ba. Wannan hali ba da shi aka haife shi ba, a layi ya samo shi.

Zamanin ostariti ne, lokacin da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Shinkafa da madara da sabulu suka ɓace daga kantuna, sai an ji mota ta kawo kaya Gwarzo a kwasa a guje a bi layi. Nata'ala na sabon aure a lokacin, matarsa Badi'a na da cikin fari. Shi da wansa Jibirin suka hau keke ɗaya suka tafi. Suna cikin layi rana ta take, fitsari ya matsi Nata'ala, ya ce, "Yaya, riƙe mini wurina." Ya zaga ya dawo, yana shirin shiga gaban wansa sai wani soja mai bulala ya tare shi, wai tsallake layi zai yi. Nata'ala ya ce wurinsa ne, ga ma wansa nan shaida. Sojan ya juya ga Jibirin, ya kaɗa bulala, ya ce, "Kai, ka san shi?"

Jibirin ya dubi bulalar, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ban san shi ba."

Tsallen kwaɗo aka sa Nata'ala, riƙe da kunnuwa, daga farkon layin har ƙarshensa, mutanen Gwarzo na kallo, har da mata. Ya koma Durun a ƙafa, ba shinkafa ba sabulu. Jibirin ya aiko masa da rabin abin da ya samo, ya mayar. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gida, Nata'ala da hannunsa ya kwaɓa ƙasa ya ja katanga a tsakar gidan, ya fitar da tasa ƙofar ta wani lungu. Rumbuna suka faɗa ɓangarensa, rijiya ta faɗa ɓangaren Jibirin. Daga ranar ya hana iyalinsa shan ruwan rijiyar, sai dai a je famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan gari.

Dattawa sun yi sun gaji. Shekaru goma sha wani abu suka wuce a haka, har aka ƙaddamar da shari'a a Kano, wa'azi ya yawaita. Liman ya yi huɗuba guda a kan mai gaba da ɗan'uwansa, yana yi yana kallon inda Nata'ala ke zaune. Bayan an idar Nata'ala ya same shi ya ce shi fa ba gaba yake yi ba. A masallaci kullum yana kula ya tsaya ta hagun Jibirin, ko da mutum nawa ne a tsakaninsu, don haka in ya sallame ya juya dama, ai ya yi wa wansa sallama ke nan. "Allah ya gafarta Malam, wa ke gaida wansa sau biyar a rana a garin nan in ba ni ba?" Liman ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya.

A wannan shekarar ce Uwaisu mai gidan kallo a Kabo ya ji ana cewa 'yan hisba na tafe. Ya kwashe talabijin da bidiyo da buhun kaset ya kai ajiya gidan Malam Philemon, wani malamin firamare mutumin kudancin Kaduna, wanda ya daɗe a Kabo har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Amana aka ba shi, amma ba a ce kada ya riƙa duba ko kayan na aiki ba. Ran wata Asabar da rana Nata'ala ya kai masa masarar da ya saba saya, ya tarar an kawo wuta, ana ta ihu a cikin ɗaki.

"Malam Nata'ala, shigo ka sha ruwa mana," in ji Philemon.

"A'a, Malam, na ji kamar kallo kake yi. Mu yanzu shari'a muke yi."

"To shigo ka juya baya."

Ya shiga ya zauna, ya ba talabijin baya kamar yadda ya kamata. Sai dai inda ya fuskanta akwai kabad, a jikin kabad ɗin kuma akwai madubi. Nata'ala bai juya wuyansa ko sau ɗaya ba, kuma babu abin da ya wuce shi.

Wani gari ne na Turawa, matattu sun tashi suna yawo a titi, idanu fari fat, hannuwa a miƙe, suna jan ƙafa. Duk mai ran da suka kama sai su gartsa masa cizo, shi ma ya mutu ya tashi ya shiga cikinsu. Philemon na fassara masa Turancin, ya ce su Turawa zombi suke ce musu. Nata'ala ya ce wannan sunan bai yi masa ba, shi tasassu zai riƙa cewa. Amma abin da ya tayar masa da hankali ba matattun ba ne, sakarcin masu ran ne. Sun samu gida sun kulle kansu, ba a je ko'ina ba abinci ya ƙare, suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya neman abin kaiwa baki, ana cije su.

"Gida guda, ba rumbu!" in ji Nata'ala, yana magana da madubi. "Ko tiyar gero babu! Waɗannan ai ba matattu ne suka kashe su ba, rashin tanadi ne."

Philemon ya yi dariya har da tari. "Fim ne fa, Malam Nata'ala. Ƙirƙira ce."

"Ostariti ma da aka fara, cewa aka yi na ɗan lokaci ne. Kuma Bature ba ya ɓata kuɗinsa a banza. In ka ga ya yi fim a kan abu, to ya ji ƙishin-ƙishin."

Da ya koma gida bai gaya wa kowa ya yi kallo ba, tunda a ganinsa bai yi ba. Ya dai je wajen liman ya tambaya, wai wani abokinsa ne ke son sani, ko matattu na iya tashi kafin ranar ƙiyama. Liman ya ce ba za su tashi ba, kuma a gaya wa abokin ya yawaita istigfari. Nata'ala ya yi godiya ya fito. A hanya ya auna maganar kamar yadda yake auna hatsi, ya ga liman ya ce ba za su tashi ba, amma bai ce kada a yi tanadi ba.

Daga nan ya samu aikin yi. Duk ranar kasuwa in ya tashi sai ya biya makarantar su Philemon, su zauna gindin darbejiya suna shawarar inda za a ɓuya. Philemon don nishaɗi yake yi, shi kuwa Nata'ala da gaske yake.

Philemon ya ce a hau kwalekwale a zauna tsakiyar dam ɗin Guzu-Guzu, tunda a fim ɗin ba a ga sun iya iyo ba. Nata'ala ya ce shi ma ai bai iya ba, kuma mutum ba zai rayu da kifi kullum ba tuwo, wannan ma wata mutuwar ce. Philemon ya ce to a hau kuka. Nata'ala ya dube shi da tausayi, ya ce sai baƙo ne zai gudu daga matattu ya je ya kwana ɗakin aljanu. Masallaci kuwa ƙofarsa ba a rufe wa kowa, kuma wasu daga cikin tasassun a sahun gaba suka saba tsayawa, can za su fara nufa. Da aka zo kan kasuwar Gwarzo, inda abinci ya fi yawa, Nata'ala ya dubi babban yatsansa. Matattun Turawa ba su san kowa ba, kan mai tsautsayi suke faɗawa. Na Gwarzo da Kabo kuwa sun san shi da suna, da yawansu sun sha awo a hannunsa, kuma ba duka ne suka yafe kafin su tafi ba. Ya ce kasuwa ba ta yi ba, iska ta yi yawa.

A ƙarshe ya gane babu inda ya kai gidansa. Ya ƙara wa katangar waje tsawo, ya jera fasassun kwalabe a kai. Ya daina ajiye masara, tunda ƙwaro ba ya ɗaga mata ƙafa, ya cika rumbuna da dammunan gero da dawa. Wake ya zuba shi a duro da toka da barkono ya toshe. Ya sa Badi'a ta shanya kuka da kuɓewa da kalkashi har ta rasa inda za ta yi shanyar kaya, ga daddawa ga kanwa ga gishiri. Ya sayar da zakara da zabi, don a fim ɗin ƙara ce ke jawo tasassu. Saboda wannan dalilin ya ce in abin ya zo ba daka, ya nemo dutsen niƙa irin na kakanni ya ajiye. Sannan ya tara iyalinsa ya kafa doka ɗaya: in aka sa sakata, ba a buɗe wa kowa, ko wane ne, ko me ya ce.

Badi'a ta saurare shi har ya gama. Mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta irin na mai jiran dama ne. Shekara da shekaru tana kallon 'ya'yanta suna ɗauko ruwa daga bayan gari alhali tana jin ƙarar guga a bayan katanga, kuma abin na ci mata rai.

"Malam, dabarar ta yi," in ji ta. "Sai dai tuwon, da yawu za a tuƙa shi?"

"Kamar yaya?"

"Ruwa nake nufi. Ko za mu riƙa zuwa famfo?"

Nata'ala ya buɗe baki zai ce e, sai ya tuna inda famfon yake. Jikin maƙabarta yake, ko katanga babu a tsakani. Duk wanda ya tashi, kafin ya gama kaɗe ƙasar jikinsa zai ga mai tuƙa famfo.

Ya kira masu haƙar rijiya. Suka yi ta haƙa a tsakar gidansa har suka ci karo da dutse, suka sake wuri, dutsen ya riga su zuwa. Ya sayi durorin tarar ruwan sama, ya zauna ya yi tunanin rani, ya ga ko wanka aka daina ba za su kai ko'ina ba. Ya yi tunanin fasa katangar a ɓoye in ranar ta zo, sai ya tuna in ranar ta zo ƙarar diga ita ce za ta tara masa duk maƙabartar Durun a ƙofar gida.

Badi'a kuwa ba ta bar wutar ta mutu ba. Tana tsince wake take cewa, kamar da kanta take magana, "Ikon Allah. Ranar nan mai rijiya yunwa za ta kashe shi, mai rumbu kuma ƙishirwa. Ga su kuma katanga ɗaya."

Ya yi kwanaki yana fushi da ita, da dutsen, da Baturen da ya yi fim ɗin. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne dabarar tasa ba ta da aibi ko ɗaya sai wannan, kuma aibin da hannunsa ya gina shi. Wata safiya da hantsi ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya fita ta ƙofarsa, ya zagaya lungu, ya tsaya a bakin zauren gidan da aka haife shi a ciki. Ya yi sallama.

Jibirin na zaune a kan buzu yana gyaran igiyar guga. Nata'ala na ganinsa kullum a masallaci, amma ta wutsiyar ido. Yau da ya dube shi sosai sai ya ga tsoho, gemu fari, wuya ya rame, kamannin mahaifinsu sak. Abin ya soke shi, bai shirya masa ba.

"Wa'alaikumus salam," in ji Jibirin, igiyar ta zame daga hannunsa.

Nata'ala ya durƙusa, don ko ana gaba wa wa ne. "Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya iyali?"

"Lafiya lau. Yaya su Badi'a?"

"Suna lafiya. Yaya gona?"

Haka suka yi ta yi. Suka tambayi yara, suka tambayi dabbobi, suka tambayi sanyi da zafi, suka koma kan iyali, don kowannensu na tsoron abin da zai biyo bayan gaisuwar. Da ta ƙare dole, Nata'ala ya gyara murya ya ce shi fa harka ce ta kawo shi, ba wani abu ba. Ya kwashe labarin tasassu kaf ya faɗa, yadda suke tafiya da yadda suke cizo, da abin da ya tanada. Sannan ya kawo ciniki: a fasa ƙofa a katangar tsakiya, shi ya ba da hatsi, Jibirin ya ba da ruwa. Za a sa ƙyauren ƙarfe, sakata ta ɓangarensa, don in gidan Jibirin ya faɗa hannunsu a samu abin rufewa.

Jibirin bai yi dariya ba. Duk garin an daɗe ana dariyar shirin Nata'ala, ya kuma ji, amma ya saurara kamar ana karanta masa hukuncin alƙali. Ya tambayi ko suna hawa katanga, aka ce ba sa hawa. Ya tambayi ko akuyarsa za ta iya zama, aka ce in ba mai kuka ba ce. Ya gyaɗa kai.

"To in ni aka fara ciza fa, na zo ina buga ƙyauren?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai. "Dokar ita ce ba a buɗe wa kowa, Yaya."

"Daidai ne. Kada ka buɗe." Jibirin ya ɗauki igiyar ya juya ta a hannu. "Abu ɗaya zan roƙe ka. In sun zo, kada ka sa ni gadin ƙofa. Ni matsoraci ne, Nata'ala. Kai ka fi kowa sani."

Shekara da shekaru Nata'ala na shirya maganganun da zai faɗa in wannan rana ta zo, masu zafi, masu tsawo, wasu har da aya. Ya neme su ya rasa. Tausayi ne ya cika masa ciki, da kunya, da wani irin sauƙi da ya manta yadda yake. Ya share ido da hannun riga, ya ce ƙurar igiyar ce.

"Da ma ban yi niyyar sa ka ba," in ji shi. "Kai ruwa kawai za ka riƙa ja."

A ranar aka fasa katangar. Sauda matar Jibirin da Badi'a suka tsaya kowacce ta ɓangarenta suna jira, diga na fasa hanya suka rungume juna suna kuka suna dariya, ƙura duk ta bule su. Nata'ala ya daka musu tsawa ya ce wannan ba biki ba ne, tsaro ne. Ya je Gwarzo ya sa mai walda ya yi ƙyaure mai kauri, aka kafa. Kullum bayan isha'i sai ya sa sakata, kullum da asuba sai ya zare, wai atisaye yake yi. Tsakanin zarewa da sawa kuwa, yara na ratsawa, kwanukan tuwo na ratsawa, shi kansa yakan ratsa ya zauna a zauren wansa, su yi ta gardama a kan ko tasassu na jin Hausa.

Tasassu dai ba su zo ba. Uwaisu ya karɓi kayansa ya sake buɗe gidan kallo, ya koma nuna ƙwallo. Geron ya yi amfani wata shekarar da damina ta yi gardama, gidaje biyun suka ci, maƙwabta ma suka samu, ko da yake awon da aka yi musu da yatsa a ciki.

Damina kaɗan bayan haka Jibirin ya kwanta ciwo, aka kai shi asibiti a Gwarzo, aka dawo da shi, ya cika a ɗakinsa, kansa a cinyar ƙanensa. Nata'ala ne ya shiga kabari ya karɓe shi, ya gyara masa kwanciya, ya daɗe bai fito ba har sai da liman ya taɓa kafaɗarsa.

Bayan an share makoki Malam Philemon ya hau babur ya zo Durun ya sake yi masa gaisuwa. Suna zaune a tsakar gida ya lura ƙyauren ƙarfen a buɗe yake, an tokare shi da turmi, sakatar ta fara tsatsa. Badi'a ta raɗa masa cewa tun ranar jana'iza ba a sake rufewa ba, ƙofar waje ma sai ita ta tuna. Philemon ya so ya ɗan sa abokinsa dariya.

"Malam Nata'ala, ina dokar? Ƙofa a buɗe haka, in sun tashi fa?"

Nata'ala ya dubi ƙofar, ya dubi zauren da ke can bayanta.

"Su tashi mana," in ji shi. "Akwai ɗaya a cikinsu da ba mu gama hira ba."